Jinyar firgici da fargaba a wurin masu zaman kansu a Sakkwato: me kuɗinka ke saya?

Ranar da aka sako mutum daga hannun 'yan bindiga, gida cika yake yi da 'yan barka. A yi sadaka, a kai shi asibiti a duba ƙafafun da sarƙa ta ci, a ƙara masa ruwa, a ce Allah Ya kiyaye gaba. Bayan wata biyu 'yan barka sun ɗauke ƙafa, miki ya warke, sai ainihin ciwon ya fito fili. Barci ya ƙaurace masa. In ya samu ya runtsa, mafarkin daji ne zai tashe shi jiƙe da gumi. Ɗan kabu-kabu ya wuce ta bayan katanga da dare, sai ka ga ya zabura ya nufi ƙofa. Yaro ya yar da kwano, ya daka masa tsawar da bai taɓa yi ba. Mutanen gida su ce tun da ya dawo ba shi ba ne.

Irin wannan mutum, da matar da ta ga mutuwa ido da ido a ɗakin haihuwa, da direban da ya fita da rai daga haɗari a hanyar Gusau amma ya kasa sake riƙe sitiyari, da ma'aikaciyar da gabanta ke faɗuwa ba gaira ba dalili har ta daina shiga kasuwa, su ne masu neman hidimar da muke dubawa a nan: jinyar zama da magana a wurin ƙwararre mai zaman kansa, wadda ake biya zama-zama. Masu yin ta ba su da yawa a Sakkwato. Wasu ma'aikatan asibitin gwamnati ne da ke ganin mutane da yamma bayan sun tashi aiki, wasu kuma suna Abuja ko Kaduna, ta waya ake ganawa da su. Abin da ke kai mutane wurinsu a fili yake. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, akwai sashen ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma can ne ƙwararru suka fi taruwa, amma kowa ya san nauyin da kalmar "Kware" ke da shi a bakin Basakkwace. Magidanci ya gwammace ya mutu da abinsa a ciki da a gan shi riƙe da kati a can. Mai zaman kansa yana sayar da abu uku: sirri, lokaci, da fuska ɗaya da za ka riƙa gani kowane mako.

Hukuncinmu tun daga farko: hidimar ta cancanci kuɗinta idan jinya ce mai tsari, mai suna, mai adadin zama, wadda ake auna ci gabanta. Idan hira ce da nasiha kawai, limamin unguwarku ya fi iyawa, kuma ba ya karɓar ko sisi.

Fara da sanin wanda ke kan kujera. Likitan ƙwaƙwalwa likita ne cikakke, mai lasisin hukumar likitoci ta ƙasa, shi ke rubuta magani. Masanin halayyar ɗan Adam na asibiti ya yi digiri na biyu a fannin, ya kuma yi horo a kan marasa lafiya. Shi ne gwanin jinyar magana, amma ba huruminsa ba ne ya rubuta ƙwaya. Mai ba da shawara kuma karatunsa ya fi karkata ga makaranta, aure da zaɓen sana'a, yana da amfani a nan, sai dai firgicin wanda ya kwana 40 ɗaure a daji ya fi ƙarfin horonsa in bai ƙaro wani ba. Allon ƙofa ba ya bambance waɗannan ukun, don haka sai an tambaya. Tambayar ba rashin kunya ba ce: a ina ka yi karatu, wace hanya kake bi wajen jinyar firgici, zama nawa take ɗauka, wa ke duba aikinka? Ƙwararre na gaske zai amsa cikin minti 2 ba tare da ya ɓata rai ba. Wanda ya ce "ai kowace hanya muna taɓawa" ya riga ya ba ka amsa.

Zaman farko yakan ci awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi, kuma tantancewa ce, ba a shiga cikin labarin da zurfi. Za a tambayi barci, cin abinci, fushi, aiki, zaman iyali, abin da mutum ya daina yi, da abin da yake sha don ya samu sauƙi. Sai takardun awo. Ta firgici, wadda ake kira PCL-5, tambaya 20 ce, maki daga 0 zuwa 80, kuma wanda ya kai 31 zuwa 33 ko sama ana kyautata zaton yana da ciwon firgicin bayan bala'i, wanda likitoci ke taƙaitawa da PTSD. Ta fargaba, GAD-7, tambaya 7 ce, maki 21. Daga 10 abin ya wuce na yau da kullum, daga 15 ya tsananta. Ta baƙin ciki mai nauyi, PHQ-9, tambaya 9 ce, ta ƙarshenta a kan tunanin mutuwa ko cutar da kai. Dole a yi wannan tambayar baki da baki, ko da majinyacin alhaji ne mai furfura. Yin ta ba ya cusa wa mutum tunanin, barin ta ne ke da haɗari.

A nan aka fi samun tangarɗar farko. Takardun da Turanci aka tsara su, kuma in mai duba ka yana fassarawa da ka nan take, kalma ɗaya, "damuwa", sai ta haɗiye abubuwa huɗu daban. Bagobirin Sabon Birni ko Isa ba zai ce yana da fargaba ba. Zai ce zuciyarsa na tsinkewa, kansa ya ɗau zafi, wani abu na yawo a jikinsa, ƙirjinsa kamar an ɗora dutse. Mai jinya, wato ƙwararren, da bai ji Hausar nan ba, ko wanda ke aiki da tafinta, zai ba da maki ƙasa da gaskiya. Ga tafinta kuma wata matsalar: ba macen da za ta faɗi abin da aka yi mata a daji alhali ƙanen mijinta ne ke juya maganar.

Abu na biyu da ke raba gwani da ɗan koyo shi ne tura ka gwajin jiki. Bugun zuciya, rawar hannu, gumi da rama suna iya fitowa daga ƙullin da ke gaban wuya (thyroid) in yana aiki fiye da kima, wanda wani lokaci ke zuwa da maƙoƙo. Ƙarancin jini na kawo haki da jiri, musamman ga mai jego. Wanda ke cin goro tun safe, ya bi da shayi mai kauri da lemun ƙarin kuzari na gwangwani, ya riga ya sayi rabin fargabarsa da kuɗinsa. Haka wanda ya saba da tramol ko kodin ya daina kwatsam. A auna jini, a auna hawan jini da suga kafin a ɗora komai a kan tunani.

Akwai kuma maganar lokaci. Ba a kiran abu PTSD sai alamun sun haura wata ɗaya, domin mutane da yawa suna farfaɗowa da kansu a makonnin farko in sun samu aminci, abinci, barci da 'yan uwa. Tsohuwar al'adar zaunar da mutum kwana biyu bayan bala'i a sa shi ya amayar da komai a zama guda, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayanta. Duk wanda ya nemi kuɗinka don ya yi wa ɗan uwanka haka a makon da ya dawo, ka riƙe kuɗinka.

Jinyar kanta, wadda hukumar ta amince da ita a ƙa'idojinta na 2013, tana tsaye a kan fahimta ɗaya. Firgici yana rayuwa ne da gudu. Duk lokacin da mutum ya kauce wa abin da ke tuna masa, yakan ji sauƙi nan take, ƙwaƙwalwa kuma ta rubuta cewa gudun ne ya cece shi. Gobe tsoron ya ƙaru, da'irar rayuwarsa ta ƙara tsukewa: ya bar tasha, ya bar kasuwa, ya bar sahun gaba a masallaci ya koma bakin ƙofa. Aikin mai jinya shi ne ya mayar da shi wurin abin da yake gudu, da kaɗan-kaɗan, cikin aminci, har jiki ya koyi cewa an wuce wurin.

Ga yadda abin yake a aikace. Ɗauki ɗan kasuwar da ƙarar babura ke firgita shi, domin a kan babura aka zo aka ɗauke shi. Zama biyu na farko bayani ne da koyon numfashi: a ja iska ta hanci ana ƙirga 4, a sake ta a hankali ana ƙirga 6, minti 10, sau 2 a rana, lokacin da hankali ke kwance, don kada ranar buƙata ta zama ranar koyo. Daga nan sai a zana tsani tare, kowane mataki da makin tsoronsa daga 0 zuwa 100. Kallon hoton babur a waya, 20. Tsayawa kusa da babur a kashe a zaure, 35. Ɗansa ya tayar da shi yana tsaye, 50. Zama a bakin titi a Mabera da hantsi, 60. Zama a wurin da la'asar sakaliya lokacin da 'yan kabu-kabu suka yi yawa, 75. Hawa bayan kabu-kabu zuwa kasuwa, 85. Jin ayarin babura da dare, 100. Ana farawa daga matakin da ke wajen 40, a zauna a cikinsa minti 30 zuwa 45, ko har makin ya sauka da rabi, a maimaita kullum har ya zama abin gundura, sannan a hau na gaba. Kuskuren da aka fi yi shi ne tashi a minti na 5, daidai lokacin da tsoro ya kai ƙololuwa. Wanda ya yi haka ya ƙara wa ciwon taki.

Sashe mafi nauyi a cikin ɗaki ake yin sa. Mai jinya zai ce, "Alhaji, rufe ido in za ka iya, ka ba ni labarin daren kamar yanzu yake faruwa." Sai a ji, "Ina kwance, ina jin ana dukan ƙofa, ina jin warin fetur." Kowane minti 5 a tambaye shi maki nawa. Ya kai ƙarshe, a koma farko, minti 30 zuwa 45. Ana naɗar muryar a wayarsa ya riƙa saurare a gida kullum. Wannan hanya, wadda Edna Foa ta tsara a Amurka, zama 8 zuwa 15 ce, kowanne minti 90. Lura da wannan adadi: in wurin da kake zuwa minti 40 suke bayarwa saboda layi, ba za a iya yin ta yadda ya kamata ba, za a buɗe ciwo a sallame ka kafin ya lafa. Naɗin muryar ma yana son hattara a gidan da waya ɗaya ke yawo hannu biyar. A sa mata makulli, a saurara da abin kunne.

Wata hanyar, ta Patricia Resick, zama 12 ce, kuma ta fi mayar da hankali a kan maganganun da suka maƙale a zuciya. A ƙasar nan ba su da wuyar ganewa. "Da ban je gona ranar ba." "An sayar da shanu da gonar gado saboda ni, na talauta gidanmu." "Na gudu na bar ƙanena." "Ni yanzu ba mace ba ce da za a kalla." Gwani ba ya cewa "daina wannan tunani". Tambaya yake yi: ranar da ka fita, me ka sani a lokacin? Sau nawa ka bi hanyar lafiya kafin nan? Da ƙanenka ne aka kama, kai za ka sayar da shanun ko ba za ka sayar ba? A nan mai jinyar da ya san addinin mutanensa ya yi wa baƙo nisa, domin imani da ƙaddara, in an riƙe shi daidai, yana sauke wa mutum laifin da ba nasa ba. In an riƙe shi a karkace kuma, sai ya zama sanda: "rashin tawakkali ne ke damunka." Wanda aka faɗa wa haka ya tafi gida da ciwo biyu. Raunin hanyar shi ne aikin gida na rubutu da take buƙata, wanda sai an mayar da shi na baki ko na ajami ga wanda bai yi boko ba.

Ga wanda bala'insa ba ɗaya ba ne, an kore shi daga ƙauye, an kashe nasa, ya yi gudun hijira, aka sake kama shi, hanyar da ta fi dacewa a ganinmu ita ce wadda masana a Jami'ar Konstanz ta Jamus suka tsara don 'yan gudun hijira. Ana shimfiɗa igiya a ƙasa, bakinta ɗaya ranar haihuwa, ɗaya bakin a bar shi a naɗe don kwanakin da ke gaba. Mutum ya ɗora dutse a kan kowane mugun abu, fure a kan kowane abin farin ciki: auren fari, haihuwar ɗa, shekarar da gero ya yi kyau. Sai a bi igiyar zama bayan zama, ana tsayawa a kan kowane dutse har a ba shi rana da wuri. Ba ta buƙatar karatu, kuma ta dace da mutanen da suka iya ba da labari tun asali. Tsohuwa da ta kasa cike takarda za ka ga ta ɗauki dutse ta ajiye da hannunta ba gardama.

Sai EMDR, wadda Francine Shapiro ta fito da ita a ƙarshen shekarun 1980, inda mutum ke riƙe hoton abin a zuciya yana bin yatsun mai jinya da ido hagu da dama. Tana aiki, kuma tana da daɗi ga mai kunyar faɗin komai dalla-dalla. Sai dai matakai 8 gare ta, kaɗa yatsu ɗaya ne kawai daga ciki, kuma kwaikwayonta ba wuya saboda tana da sauƙin nunawa. A nemi takardar horo. A gidajenmu kuma a yi wa iyali bayani tun da wuri, don kada a koma gida a ce an je wurin mai tsibbu.

Fargabar da ba ta da wani bala'i a bayanta ta fi saurin jin magani. Mai faɗuwar gaba ta farat ɗaya yana jin kamar ransa zai fita, alhali abin yakan kai ƙarshen tsananinsa cikin minti 10 ya fara sauka. Hakin da yake yi ne ke fitar da iskar da jini ke buƙatar ya riƙe, shi ya sa yatsu ke yin tsami, kai ya yi jiri. Mai jinya nagari zai sa shi ya yi hakin da gangan na minti ɗaya a cikin ɗaki, ko ya juya a kan kujera, don ya gane da jikinsa cewa alamun ba mutuwa ba ne. Mutane kan yi mamakin a ce sun biya kuɗi an sa su haki. Wannan darasi ya fi zama goma na lallashi.

Inda hidimar ta fi faɗuwa shi ne tsakanin zama na 3 da na 5. A nan ne aka fara taɓa labarin, mafarkai kan ƙaru na ɗan lokaci, mutum ya ji kamar abin gaba yake yi. Gida su ce ai ga shi nan, tono ne ya tayar masa, a bari. Kuɗin da aka tanada ma ya fara ƙarewa. Sai a daina a mafi munin wuri, kamar wanda aka yi wa fiɗa ya sauka daga gado kafin ɗinki. Laifin mai jinya ne in bai faɗi wannan tun ranar farko ba, a gaban wanda ke biyan kuɗin. Lissafin ma a yi shi tun ranar: kuɗin zama ɗaya sau 12, a haɗa da na mota, ga wanda ke tasowa daga Wurno ko Gwadabawa kowane mako. In ba zai kai ba, gara a nemi tsari mai gajarta da aka san farkonsa da ƙarshensa, irin na zama 5 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar don matsalolin yau da kullum, ko a koma asibitin gwamnati, da a fara doguwar a yanke. Tsallake mako uku-uku don a rage kashe kuɗi shi ma yana kashe jinyar. Sau ɗaya a mako ne ƙa'ida.

Wata faɗuwar daga kemis take zuwa. Wanda ba ya barci ya riga ya sayi Valium ko Lexotan kafin ya zo. Suna kwantar da jiki a daren, amma jiki na sabawa da su cikin makonni, ba sa warkar da firgici, kuma suna dakushe koyon da ake so ƙwaƙwalwa ta yi a kan tsanin nan. Wanda ya daɗe a kansu kada ya yanke rana ɗaya, yana iya jawo farfaɗiya. Likita ne ke rage su sannu a hankali. Magungunan da aka fi ba mai firgici, irin su sertraline, sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin a ga amfaninsu, kuma makon farko na iya zuwa da tashin zuciya da ƙarin rashin natsuwa. Mai jinya mai zaman kansa da ba shi da likitan da yake tura wa mutane ya bar rami a aikinsa.

Ganawa ta waya ta buɗe ƙofa ga matan da fita ke musu wuya, da mai son ƙwararriya mace wadda babu a kusa. Amma a gidan da kishiya ke ɗaki na gaba, yara na shigowa, ba wanda zai buɗe cikinsa. Intanet ya yanke ana tsakiyar labarin daren, an bar mutum shi kaɗai da abin da aka tayar. A shirya tun farko: in layi ya katse wa zai kira wa, kuma wane ne a gidan za a iya nema. A ofis ma a duba ƙofa. Labule ba bango ba ne, kuma a zafin Afrilu, in an ɗauke wuta aka buɗe taga, duk wanda ke jira a baranda ya ji. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba majinyaci haƙƙin sirri da na amincewa da abin da za a yi masa. Miji ko uba da ya biya kuɗi bai sayi jin abin da aka faɗa ba. Iyakar sirrin ita ce in rai na cikin haɗari, kuma wannan ma a zaman farko ake faɗinsa.

Ruƙiya da addu'a ba sa karo da wannan jinya, kuma mai jinyar da ya raina su zai rasa mutumin tun zama na biyu. Abin da ake tsayawa a kai shi ne duka, ɗauri, turaren da ke shaƙe numfashi, da hana shan maganin likita.

Akwai kuma wanda tsoronsa ba ciwo ba ne. Manomin da zai koma ƙauyen da 'yan bindiga ke sa wa haraji, zaburarsa da jin babur ita ke tsare da ransa. Ba a hawa tsani zuwa haɗari na gaske. Da shi ana aiki ne a kan barci, da laifin da yake ɗora wa kansa, da bambance ƙarar da ke cikin birni da ta daji.

A zama na 6 a sake cike takardar awo. In makin firgici bai sauka da aƙalla 10 ba, a zauna a sake duba hanya: ko aikin gida ba ya yiwuwa, ko akwai ƙwaya a ɓoye, ko wani abu da ba a faɗa ba tukuna. A zaman ƙarshe a rubuta alamun dawowar ciwon da abin da za a yi, domin yakan leƙo lokacin da ranar abin ta zagayo, ko aka ji labarin wani sabon hari. Wanda kuwa ke jin muryoyi, ko ya kwana uku bai runtsa ba yana surutai, ko ya fara maganar kashe kansa yana tanadin abin yi, ba na jiran ranar Talata da ƙarfe 5 ba ne. A sa shi a mota a nufi Kware ko sashen gaggawa na asibitin koyarwa a daren, wani ya zauna kusa da shi, a kuma kwashe maganin ƙwari da wuƙaƙe daga ɗakin.